Wata 11 a Bakin Ƙofar Maƙiya

Ranar 11 ga Nuwamba, 1954, kamfanin buga littattafai na George Allen & Unwin da ke Landan ya fitar da The Two Towers, littafi na biyu cikin ukun da suka haɗu suka zama The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien. Waɗanda suka saye shi a kan sule 21 sun zauna sun karance shi tsaf, sai ga su a babin ƙarshe inda marubucin ya yi musu ba-zata. Frodo, wanda aka ɗora wa nauyin kai zoben sihiri dutsen wutar da za a narkar da shi, wata shirgegiyar gizo-gizo mai suna Shelob ta harbe shi ya sandare. Yaronsa kuma amininsa Sam ya ɗauka ya mutu, ya cire zoben daga wuyansa da niyyar ƙarasa aikin, sannan ya jiyo dakarun maƙiya suna cewa ai da sauran ransa. Kafin ya cim musu sun shige da shi hasumiyarsu sun danno ƙofa. Nan littafin ya tsaya cak.

Na ukun bai fito ba sai ranar 20 ga Oktoba, 1955. Labarin kansa an daɗe da gama rubuta shi. Abin da ya riƙe shi shi ne ratayen da Tolkien ya yi alkawarin sakawa a ƙarshe: jerin sarakuna, salsalar gidaje, kalandu, haruffa da bayanin harsunan da ya ƙirƙira. Malamin jami'ar Oxford ne mai tsananin son ƙeƙe-da-ƙeƙe, ba ya sakin aiki sai ya tabbatar kwanan wata bai ci karo da wani kwanan wata ba. Ana cikin haka wasiƙu suka riƙa sauka a ofishin kamfanin, masu karatu suna tambayar ina aka kwana, wasu da roƙo, wasu da faɗa.

Tun daga wancan lokaci littafin tsakiya ya zama wurin da masu karanta dogayen labaran yaƙi da sihiri suka fi rabuwa. Na farko yana da daɗin sabon wuri da sabbin fuskoki. Na ƙarshe yana da babban gumurzu da warwarar ƙulli. Na biyu kuwa ba shi ya buɗe ƙofa ba, ba shi zai rufe ba, don haka ƙorafin da ake yi masa kusan ɗaya ne a ko'ina: an yi ta tafiya, ba a isa ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Tolkien bai taɓa zama da nufin rubuta littafi uku ba. Labari guda ya rubuta tsakanin 1937 da 1949, ya raba shi kashi shida a cikin gida. Tsadar takarda a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu ita ta sa kamfanin ya datsa shi uku. Rayner Unwin, ɗan mai kamfanin, ya yi lissafi ya ga za su iya tafka asarar fam 1,000, mahaifinsa Stanley ya ba shi izinin bugawa muddin ya yarda aikin gwaninta ne. Ba a ba marubucin kuɗin kafin alƙalami ba, sai yarjejeniyar raba riba idan an fitar da kuɗin bugu. Ashe littafin tsakiyar da ya fi kowane shahara a wannan fanni, almakashin ɗan kasuwa ne ya yanko shi. Ko sunansa ma sai da aka sha wahala. A wasiƙun Tolkien ya yi ta jujjuya waɗanne hasumiyoyi biyu ake nufi cikin biyar ɗin da labarin ya ƙunsa, kafin ya tsaya a kan Orthanc da Minas Morgul, waɗanda ya zana da hannunsa don bangon littafin. Har gobe akwai masu karatun da ke rantsuwa ba su ba ne.

Tsarin littafin shi ne mafarin gardamar. Rabin farko, babi 11, ba Frodo ba Sam. An buɗe da mutuwar jarumi Boromir, sai wani jarumin, Aragorn, da abokansa biyu suka bi sawun dodannin da suka sace Merry da Pippin, abokan tafiyar Frodo, suna gudu dare da rana a filayen ƙasar Rohan ta mahaya dawakai. Jagoran tafiyar, Gandalf, da aka yi wa kukan mutuwa ya dawo. Aka gwabza a ganuwar Helm's Deep cikin ruwan sama da duhu. Wasu ƙattai masu siffar itatuwa, makiyayan kurmi da ake kira Ent, suka fusata suka rushe sansanin matsafi Saruman. Mai karatu yana haki yana juya shafi.

Sai kuma aka koma baya a lissafin kwanaki, aka ɗauko rabi na biyu mai babi 10. Nan ba a cika ganin runduna ko doki ba. Galibi halitta uku ce kawai ke jan ƙafa a cikin duwatsu da fadama: Frodo, Sam, da Gollum, ƙanjamammen nan da zoben ya lalata tsawon ɗaruruwan shekaru, wanda yanzu ya zama ɗan jagoransu. Hirarsu ba ta wuce yunwa, gajiya da zargin juna.

A nan masu karatu suka kasu gida biyu, kuma ba su sake haɗuwa ba. Wasu suna cewa an ɗauke su daga fagen fama an jefa su cikin taɓo, har akwai masu tsallake shafuka don su koma wurin masu takubba. Wasu kuma suna ganin rabin farkon ado ne, zuciyar labarin tana wurin mutum ukun nan. Idan aka auna da idon basira, na biyun sun fi kusa da gaskiya. Yaƙin Helm's Deep marubuta da yawa za su iya tsara irinsa, sun ma tsara. Amma wurin da Gollum ya dawo ya tarar da Frodo da Sam suna barci, ya miƙa hannu ya taɓa gwiwar Frodo kamar zai tuba, sai Sam ya farka ya daka masa tsawa, damar ta wuce har abada, wannan ba kowa ke iya rubuta shi ba. Tolkien da kansa ya ambaci wurin a wasiƙunsa a matsayin wanda ya fi sosa masa rai. Kuma ba zai yi tasiri ba da ba a sha waccan doguwar tafiya mai gundura tare da su ba.

Yadda aka rubuta rabin ma yana da labarinsa. A 1944 Tolkien ya rubuta shi, yana aika babi-babi ga ɗansa Christopher da ke samun horon tuƙin jirgin yaƙi a Afirka ta Kudu. Fadamar da fuskokin matattun mayaƙa ke leƙowa daga ƙarƙashin ruwa, Tolkien ya amsa cewa tana da alaƙa da abin da ya gani a arewacin Faransa bayan yaƙin Somme na 1916, inda ya yi aikin soja. Faramir kuwa, ƙanen Boromir da ya samu zoben a tafin hannunsa ya ƙi taɓawa, Tolkien ya shaida wa ɗansa cewa bai shirya shi ba, haka kawai ya faɗo cikin labarin. A yau yana cikin waɗanda masu karatu suka fi ƙauna.

Masu sharhi a jaridu ma haka suka rabu. Donald Barr ya yaba wa littafin a New York Times a 1955. Anthony Boucher, editan wata mujallar ƙagaggun labarai a Amurka, ya yaba shi ma, amma ya koka cewa yana gwada haƙurin mai karatu, akwai wuraren da za a iya yankewa ba a yi asarar komai ba. Edwin Muir na jaridar Observer ya daɗe yana ƙorafin cewa mutanen kirkin Tolkien sun cika kirki, miyagunsa sun cika mugunta. C.S. Lewis, abokin marubucin, ya mayar da martani ga masu irin wannan ra'ayi yana nuni da Boromir da Gollum, waɗanda alheri da sharri ke kokawa a ƙirjinsu. Edmund Wilson kuwa, a 1956, ya yi watsi da aikin gaba ɗaya a matsayin shirmen yara.

Kasuwa ta faɗi tata. Kwafi 3,250 aka buga na littafi na biyu a karon farko. Da aka zo na uku sai da aka buga 7,000. Duk mitar da aka yi, ba ta kori kowa ba.

Akwai wata mugunta ta marubuci da sai daga baya aka lura da ita. Wanda ya yi jiran wata 11 ya buɗe littafi na uku da ɗokin jin halin da Frodo ke ciki, sai ya tarar an koma wurin Gandalf da Pippin a kan hanyar birnin Minas Tirith. Babi goma cur zai karanta kafin a waiwayi Sam.

Da darakta Peter Jackson ya mayar da littafi na biyun fim a Disamba 2002, ya ƙi bin wannan tsari. Ya cakuɗa labaran biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ya mayar da mutuwar Boromir ƙarshen fim na farko, ya tura Shelob fim na uku. Ya kuma sauya halin Faramir, ya sa shi ya kama Frodo ya nufi gida da shi kafin ya sake shi, bisa hujjar cewa idan wani ya iya kau da kai daga zoben cikin sauƙi, 'yan kallo za su raina ƙarfinsa. Tsofaffin masu karatu sun yi ca a kan wannan fiye da komai. Abin dariya, rabin da aka ce yana gundura, shi aka fi jin haushin taɓawa.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan hali. Littattafan kasuwar Kano, na soyayya da na yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini, kashi-kashi suke fitowa, kuma marubutan sun ƙware wajen tsayar da alƙalami daidai inda takobi ya tashi sama, su ce a tara a littafi na gaba. Duk wanda ya taɓa zarya shagon hayar littattafai yana tambayar ko na uku ya iso, ya san ciwon da mutanen Landan suka ji.

Sai dai jira suna ya tara. Tolkien yana da ƙarshen labarinsa a aljihun tebur. Patrick Rothfuss na Amurka ya fitar da The Name of the Wind a 2007, ya biyo da The Wise Man's Fear a Maris 2011, mai shafi kusan 1,000, wanda ya hau saman jerin littattafan da aka fi saye na New York Times. Da farko yabo ya rinjayi suka, ko da yake an yi gunaguni kan dogon zaman da jarumin, Kvothe, ya yi wurin aljana Felurian, da kuma yadda aka taƙaita shari'arsa da haɗarin jirgin ruwansa a 'yan layuka. Masu kare littafin suka ce a dakata, na uku zai nuna amfanin kowane lungu. Shekara ta bi shekara, fiye da goma suka shuɗe, na ukun bai fito ba. A 2020 editarsa, Betsy Wollheim, ta fito fili ta ce ko kalma ɗaya ba ta gani ba daga cikinsa. Littafi na biyun bai canza ko waƙafi ba, amma ra'ayin jama'a a kansa ya yi tsami. Wuraren da a da ake kira shimfiɗa, yanzu ɓata lokaci ake ce musu, domin masu karatu sun fara jin zaman jiran gawon shanu suke yi.

Tomi Adeyemi, Ba'amurkiya 'yar asalin Najeriya da ta gina duniyar labarinta a kan al'adun Yarbawa, ta faɗa tsakanin waɗannan biyu. Children of Blood and Bone ya fito a 2018 da gagarumar karɓuwa. Na biyu, Children of Virtue and Vengeance, ya zo a Disamba 2019, ya cika da rikicin cikin gida tsakanin jaruman da a baya suke gefe ɗaya, abin da ya ɓata wa wasu rai, ya kuma ƙare da jarumar ta farka a ɗaure cikin jirgin ruwa. Sai a Yuni 2024 na uku ya fito. 'Yan makarantar sakandaren da aka rubuta littafin dominsu, da yawansu sun kusa gama jami'a kafin su ji wa ya ɗaure ta.

Wannan ya sa hukuncin da ake yanke wa littafin tsakiya a makon fitowarsa bai cika zama abin dogaro ba. Rabin abin da mai karatu ke aunawa ba ya cikin shafukan da ke hannunsa, yana cikin littafin da bai gani ba tukuna. Wanda ya sayi ukun a haɗe, kamar yadda aka fara sayar da na Tolkien a dunƙule cikin bango ɗaya a 1968, da wuya ya lura ma inda na biyu ya ƙare.

Illar ta koma kan sabbin marubuta. Masu karatu da dama sun ɗauki al'adar ƙin taɓa labari mai kashi uku sai an kammala shi, alhali kamfani yana duba cinikin na farko da na biyu ne kafin ya zuba kuɗi a na uku. Wasu marubutan sun nemi mafita ta hanyar komawa ga abin da ya faru da Tolkien bisa tilas. Joe Abercrombie na Ingila ya zauna ya rubuta daftarin littattafai ukun The Age of Madness gaba ɗaya kafin ya saki ko ɗaya, sannan aka fitar da su a jere: 2019, 2020 da 2021.