KIFI MAI CIN KIFI: YADDA AKE GANE SHI DA YADDA AKE KIWONSA A GIDA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ruwa, Ya sanya rayuka iri-iri a cikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyaye, mu nan ƙasar Kabi mutanen ruwa ne. Tun shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, bikin kamun kifi na Matan Fada ya fara yin suna, har a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. To, kifin da muka saba da shi na koma ne da na tukunya. Amma yanzu ga wani sabon yayi ya shigo: ajiye kifi da rai a cikin akwatin gilashi don sha'awa. Yara ma ba a bar su a baya ba, in ruwan fadama ya janye sai su kamo 'yan ƙanana su zuba a kwalba ko bokiti. Bayan kwana uku sai a tarar goman da aka zuba sun koma biyu, ko kuma duk sun juya ciki sama. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Galibi dalili biyu ne: ko an haɗa mai cin kifi da abincinsa ba a sani ba, ko kuma ruwan ya lalace.

HUKUNCIN AJIYE SHI

Malamai sun halatta ajiye dabba ko tsuntsu don sha'awa, suna kafa hujja da hadisin Anas ɗan Malik game da ƙaninsa Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba. Sai dai akwai sharaɗi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Kun ga ke nan, kifi a gulbi Allah Ya hore masa abincinsa da maɓoyarsa. Ranar da ka kamo shi ka sa a gilashi, ka ɗauki amanar cinsa da numfashinsa. Farkon sauke amanar kuwa shi ne ka san wane kifi ne ka ajiye.

DANGIN GARGAZA

Gargaza, wadda wasu ke kira karfasa, tana cikin wani babban dangi da masana ilmin halittu ke kira sikilid. An ƙidaya ire-irensu fiye da 1,600, mafi yawa a Afirka da Kudancin Amurka. Ga alamomin dangin:

Na ɗaya, ƙofar hanci guda ce a kowane gefen fuska, alhali galibin kifaye biyu-biyu gare su.

Na biyu, zanen nan siriri da ke bin gefen kifi ba ya tafiya a miƙe har wutsiya. Yana yankewa a tsakani, sannan ya ci gaba daga ƙasa kaɗan.

Na uku, fiffiken baya guda ne dogo, gabansa ƙaya mai suka, bayansa taushi.

Na huɗu, suna da wasu haƙora a can cikin maƙogwaro da suke niƙa abinci da su.

Da waɗannan za ku gane cewa giwan ruwa da tsage da tarwaɗa, duk da cewa maciya kifi ne, ba 'yan wannan dangi ba ne. Giwan ruwa ma kada wanda ya yi sha'awar sa ɗansa a akwati, don yana iya wuce kilo 100 in ya girma.

WANE NE MAFARAUCI A CIKINSU?

Ba kowace gargaza ke cin kifi ba. Wadda muka fi sani a kasuwa, mai zane-zane a tsaye a jikin wutsiya, abincinta gansakuka ne da ƙananan tsiron ruwa. Macenta kan riƙe ƙwai a cikin baki har su ƙyanƙyashe, ba ta cin abinci duk tsawon kwanakin. Akwai kuma mai jan ciki, ita ciyawar ruwa take ci.

Mafaraucin da ke cikin ruwanmu shi ne mai ɗigo biyar, wanda masana ke kira Hemichromis fasciatus. Ana samunsa a gulaben Afirka ta Yamma tun daga Senegal har Tafkin Chadi, har da kogin Kwara da rassansa. Jikinsa ya fi na gargaza tsawo da siranta, a gefensa akwai baƙaƙen ɗigo manya guda biyar a jere. Bakinsa babba ne, yana zazzagowa gaba in zai cafki abu, kuma in ka duba za ka ga haƙora masu tsini. Yakan kai santimita 20, wani ya ɗara. Lokacin ƙwai cikinsa kan yi ja. Don tsabar farautarsa, masu kiwon kifi a wasu ƙasashe kan saka shi da gangan cikin kududdufin gargaza, ya riƙa rage 'ya'yan da suka yi yawa.

Yana da ɗan'uwa ƙarami, ja mai 'yan ɗige-ɗige shuɗɗa masu walƙiya, wanda Turawa ke saye da kuɗi saboda kyansa. Shi bai cika wuce santimita 10 zuwa 12 ba, ƙwari da tsutsa da 'ya'yan kifi yake ci, amma faɗa gare shi ba kaɗan ba.

A shagunan manyan birane kuma ana sayar da wani baƙo mai suna oska, asalinsa kogin Amazon. Ana sayo shi kamar ɗan yatsa, cikin shekara guda ya kusa kai taki, ƙarshe ya haura santimita 30. A Tafkin Malawi akwai wani da kan kwanta a yashi kamar matacce, ƙananan kifi na matsowa sai ya cafke. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya koya masa wannan dabara.

Ƙa'idar dai a riƙe ta: duk kifin da zai shiga bakin mafarauci, to abincinsa ne, ko da an yi wata guda ana zaman lafiya.

AKWATI DA RUWA

Kwalba da bokitin fenti ba gidan kifi ba ne. Mai ɗigo biyar, namiji da mace, suna bukatar akwatin da tsawonsa ya kai santimita 120. Ga lissafin da ɗan aji biyar zai iya: tsawo sau faɗi sau zurfi, a raba da 1,000. Misali, 120 sau 40 sau 40 ya ba da lita 192. Kowace lita kilo guda ce, wato nauyin ya kusa na buhun shinkafa huɗu masu kilo 50. Don haka ba a ɗora shi kan tebur mai rawa, ba a kuma ajiye shi inda rana ke dukansa.

A shimfiɗa yashin gulbi da aka wanke sosai, a jera duwatsu da fasasshiyar tukunyar ƙasa, don wanda aka kora ya sami wurin ɓuya. A sa murfi, domin suna tsalle.

Ruwan famfo yana da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke ƙona kunnuwan da kifi ke numfashi da su. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ya yini kafin a zuba. Kashin kifi da sauran abinci kan zama guba a ruwa, sai dai akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a yashi da soson matata, su ke karya wannan guba. Sukan ɗauki makonni kafin su yawaita. Shi ya sa ba a cika sabon akwati da kifi rana ɗaya, ba a wanke shi da sabulu ko omo, ba a kuma juye ruwan gaba ɗaya. Kowane mako a kwashe rubu'i, a mayar da sabo.

Waɗannan kifaye sun fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. Da hunturu a matsar da akwati daga taga, a lulluɓe shi da dare. Da bazara kuwa, a watan Afrilu da zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40, ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. In kun ga kifi ya taso sama yana haki, iska ce ta ƙaranta. Wanda ke da hali ya nemi ɗan injin hura iska mai batir ko mai aiki da hasken rana, saboda ɗaukewar wuta. In babu, a rage kifin, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama.

ABINCI

Tana, da fara, da shinge lokacin damina, da tsutsar sauro, da 'yan yankan ɗanyen kifi, da abincin kifi na buhu, duk suna yi. Amma kada a kamo fara daga gonar da aka yi wa feshi. Tuwo da burodi da kitse kuwa ɓata ruwa kawai suke yi. A ba su sau ɗaya ko biyu a yini, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti uku. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin akwati.

Ba lallai ba ne a jefa musu kifi mai rai. Balle a haɗa maza biyu don a kalli faɗa, wannan malamai sun hana, azabtar da dabba ne.

In namiji da mace suka share dutse suka zuba ƙwai, su biyu ke gadi, suna fifita ƙwan da fiffike, in 'ya'ya suka fita su tattaro su da baki. A wannan lokaci duk wani kifi da ke akwatin a fitar da shi, in ba haka ba za su kashe shi.

GARGAƊI GA IYAYE

Kada yaro ya tafi gulbi ko fadama neman kifi shi kaɗai. Ban da haɗarin nutsewa, akwai tsargiya da ake ɗauka a ruwan da katantanwa ke zaune. Masunta na nan, a roƙe su ko a saya a wurinsu. A cire wayar lantarki kafin a tsoma hannu a akwati, a wanke hannu bayan an gama.

Sannan baƙon kifi irin oska, in an gaji da shi, kada a sake shi a gulbi. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a Tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, masana suka ƙiyasta cewa ire-iren sikilid kusan 200 cikin 500 da ke wurin sun ɓace. Gulbin Kabi abincin dubban gidaje ne, bai kamata a yi wasa da shi ba.

Wanda ya san ba zai iya waɗannan sharuɗɗa ba, to ya bar kifi a ruwansa, babu laifi a kansa. Wanda kuma ya ajiye, ya tuna da aya ta 38 a Suratul An'am, inda Allah Ya sanar da mu cewa dabbobi ma al'ummomi ne kamarmu. Ya kula da su don Allah, ya sami lada da ilmi tare.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya kiyaye mana 'ya'yanmu da gulabenmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.