Ka Ba Yaro Mukulli, Inshora Ta San da Shi?

Yau za mu buɗe aljihun gaban mota, mu zaro wata takarda da ke ninke a ciki tare da rasit ɗin bakanike, wadda yawancinmu ba ma waiwayarta sai an tsayar da mu a hanya. Takardar inshora ke nan. Abin da muke son ji shi ne me take cewa game da matashin da aka miƙa wa mukulli.

Duk wanda ya san Daurawa da Gyadi-Gyadi da Tarauni a Kano ya san yadda abin yake. Mota ta Alhaji ce, sunansa ne a takardu, amma da la'asar ɗansa ko ƙaninsa za ka gani a bayan sitiyari. Shi ke kai Hajiya gidan biki, shi ke ɗauko ƙanne daga Islamiyya, shi ake aika cefane kasuwar Tarauni. In ciwo ya kama wani da tsakar dare, shi zai ruga da shi Asibitin Malam Aminu Kano. Ba wanda zai ce wannan laifi ne, haka gidajenmu suke tafiya.

To, ranar da tsautsayi ya gitta fa? A ce wajen gadar Dangi, motar gaba ta taka birki, yaro bai ankara ba ya daki bayanta. Kafin ka ce kwabo an taru. Masu adaidaita sahu suna ta oda, ɗan KAROTA ya iso, mai motar gaban ya fito yana duba bamba da fitilar da ta tarwatse a kwalta. Yaro na rawar jiki yana cewa, "Yallabai, don Allah a yi haƙuri," hannu ɗaya kuma yana laluben lambar Baba a waya. Sai wani dattijo ya shiga tsakani: tsautsayi ne, a gode wa Allah da ba a rasa rai ba, a je gareji a sasanta. Washegari Baba yana kasuwar Ƙofar Ruwa yana cinikin fitila da kuɗin aljihunsa. Daga farkon rigimar har ƙarshenta, ba wanda ya ambaci inshora, alhali an biya kuɗinta.

Wajabta inshorar kare haƙƙin wanda ka yi wa ɓarna tsohon abu ne, tun 1945 Turawa suka kafa dokar farko. Hukumar da ke kula da harkar a yau ita ce NAICOM. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 ta ɗaga kuɗin inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai biya kan dukiyar da aka lalata wa wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Adaidaita sahu naira 5,000 ne, babur 3,000. Idan kuwa rauni aka ji wa mutum ko aka rasa rai, wannan iyaka ta miliyan 3 ba ta shafe shi ba, lissafinsa daban ne. Sannan daga 1 ga Fabrairun 2025, 'yan sanda a ƙarƙashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, suka fara tsananta binciken takardar a faɗin ƙasa.

A lura, wannan inshora ba ta gyara motarka. Ta wanda ka buge take gyarawa. Mai son a gyara tasa sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar miliyan 10 ke nan, naira 500,000 duk shekara. Shi ya sa ba kowa ke kusantarta ba.

Bari mu leƙa Ingila, don masu 'ya'ya da ke karatu a can sun sha jin kukan tsadar inshora. A can kamfani yana duba shekarun direba, da unguwarsa, da tsawon lokacin da ya yi da lasin. Ɗan shekara 18 yakan biya ninkin abin da mahaifinsa ke biya, wani lokaci har kuɗin inshorar ya fi kuɗin tsohuwar motar da ya saya. Kuma ba kowa ke da damar tuƙa motar gida ba, sai wanda aka rubuta sunansa a takardar. Wasu iyaye sai su yi dabara: su rubuta cewa su ne masu tuƙin yau da kullum, yaro ɗan taimako ne kawai, alhali motar tasa ce. Dokarsu ta ɗauki wannan a matsayin zamba, kuma in aka gano, kamfani na iya soke inshorar.

Mu a nan an yi mana sauƙi. Naira 15,000 ɗin nan ita ce dai, ko direban ɗan shekara 19 ne ko ɗan 60. Galibin takardun ma cewa suke yi mai mota zai iya tuƙawa, haka duk wanda ya ba izini. Sai dai akwai sharaɗi a rubuce da ƙananan baƙaƙe, kuma a nan ne gizo ke saƙar: wanda aka ba izinin dole ya kasance yana da lasin tuƙi. Doka kuma ba ta ba da lasin sai mutum ya cika shekara 18. Yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare, wanda ya koyi mota a filin ƙwallo wajen abokai, ko ya fi kowa iya ribas, a idon kamfani ba direba ba ne. In ya yi ɓarna, nauyin yana komawa kan wanda ya ba shi mukulli. Ni a ganina iyaye sun fi yaran laifi a nan, domin yaro bai taɓa karanta takardar ba, uba kuwa shi ya biya kuɗinta.

Sharaɗi na biyu shi ne aikin da motar ke yi. Inshorar motar gida ta zirga-zirgar gida ce da hidimar mai ita, ba ta haya ba. Matashin da ya gama jami'a bai samu aiki ba, ya karɓi motar yayansa yana ɗaukar fasinja ta manhajar waya, sana'a yake yi abin yabo, amma takardar da ke motar ba ta rufe wannan sana'a ba. Haka masu wasan tsere da mota ranar ɗaurin aure ko lokacin Sallah, waɗanda 'yan sandan Kano suka sha yin gargaɗi a kansu. Babu kamfanin da zai biya ɓarnar tsere. Masu cikakkiyar inshora kuma su duba da kyau, wasu kamfanoni sukan sa sharaɗin cewa in sabon direba ne ko mai ƙarancin shekaru ya yi haɗarin, mai mota zai ɗauki wani kaso na gyaran.

Akwai kuma wanda ya sayi mota ta hannu yana yawo da takardun tsohon mai ita. Inshora ba ta bin mota in an sayar, yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mai sunan.

Babbar matsalar dai ita ce jabu. Mutum ya ba ɗan kamasho kuɗi a ƙofar ofishin lasin ya ce a haɗo masa takardu gaba ɗaya, a kawo masa takarda mai tambari da hatimi, amma kamfanin da ke jikinta bai san da zamanta ba. Irin wannan ba ta da amfani ranar haɗari. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda za ka sa lambar motarka ta waya ka ga ko inshorarka ta gaske ce.

Na san wasu masu sauraro za su ce su damuwarsu ta addini ce, saboda malamai sun yi magana kan riba da garari a inshorar zamani. Wannan damuwa ce mai tushe. Tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda mahalarta ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, ƙarƙashin kulawar malaman shari'a. Kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna da lasisi, suna kuma yin na mota.

Saboda haka Alhaji, Hajiya, kafin a sake cewa "ungo mukulli, je ka dawo," a tambayi yaro ina lasinsa, a zaro takardar a duba ranar ƙarewarta, a tabbatar ta gaske ce. Kai kuma matashi, in tsautsayi ya faru, ka ɗauki hoton motocin da wayarka, ka sanar da 'yan sanda, a kira kamfanin a ranar, kada a jira sai an gama gyara. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare mana 'ya'yanmu.