Littafi Daban, Fim Daban: A Rage Zagin Daraktoci

Da zarar an mayar da wani littafi fim, sai masu karatu su yi caa a kan darakta: ya ci amanar marubuci, ya datse labari, jarumar ma ba haka take a littafi ba. Wannan ƙorafi ya isa haka nan.

Kyamara ba ta ɗaukar abin da ke cikin zuciya. Marubuciya tana iya cinye shafi goma tana bayyana zullumin uwargida a daren da aka kawo mata amarya. A fim me za a gani? Mace zaune a bakin gado ta yi tagumi. In aka wuce minti ɗaya a haka, mai kallo zai jawo wayarsa. Masu sana'ar kan lissafa shafi ɗaya na rubutun fim a matsayin minti ɗaya, wato fim na awa biyu bai wuce shafi 120 ba. To ina za a cusa littafi mai juzu'i uku? Dole a yi yanka.

Wani littafin kuma daɗinsa a bakin mai ba da labari yake. A Ruwan Bagaja ana iya nuna Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna shirya wa juna mugunta, amma zaƙin harshen marubucin littafin, Abubakar Imam, a takarda zai tsaya. Marubucin Kolombiya Gabriel García Márquez ya ƙi yarda a yi fim da littafinsa Cien años de soledad har ya rasu a 2014. Sai a 2024 Netflix ta fara fitar da shi da izinin iyalansa, shi ma kashi-kashi.

Ƙarancin kuɗi da almakashin hukumar tace fina-finai su ma suna taka rawa wajen sauya labari.

Ku kuma marubuta, kukan bayan fitar fim ba ya maganin komai. Kada ku ba da littafi a kan "ai mun san juna". A rubuta yarjejeniya gaban lauya: nawa za a biya, shekara nawa haƙƙin zai zauna hannun furodusa, wa zai rubuta fim ɗin. Ku nemi ganin rubutun tun ba a fita lokeshan ba, ku ware abin da ba ku yarda a taɓa ba, ku kuma riƙe ikon cire sunanku in an kauce. Labarin da ya yi tsawo a yi shi mai dogon zango. Wanda aka ga ba zai yiwu ba, don Allah a bar shi a littafinsa.