Bazarar Suleja da mai jinyar kansa: tattakin asuba ya fi doguwar kwanciya

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, kafin damina ta kankama, zafin rana a Suleja kan haura digiri 35, ɗakin da aka rufa da kwano kuwa ba ya hucewa sai dare ya raba. A wannan lokacin ne iyali suka fi tsare mai jinyar kansa a kan tabarma, ko buta ba a bari ya ɗauka. Tausayi ne ke sa su haka. Sai dai gajiyar da allurar kemo da gashin na'ura ke jawowa ba ta gushewa da kwanciya kaɗai. Doguwar kwanciya ma zaizaye tsoka take yi, kasala ta ƙaru.

A watan Yunin 2025 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa binciken da masana a Kanada suka jagoranta a kan mutum 889 da suka kammala maganin kansar hanji. Rabinsu sun shiga tsarin motsa jiki na shekara uku tare da mai horarwa, sauran aka ba su takardun shawara kawai. Haɗarin mutuwa ya ragu da kashi 37 cikin 100 a rukunin farko, kuma tafiyar ƙafa da ɗan sauri ita ce yawancinsu suka zaɓa.

A Suleja, abin da ke dagula lissafin shi ne ruwan jiki. Amai da gudawar da kemo ke haddasawa suna ƙarar da shi tun kafin a yi gumi, wasu magungunan kuma, irin su cisplatin, suna wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe. Wanda ke zirga-zirga zuwa Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja domin gashi, wanda galibi kwana biyar ne a mako, ya riga ya zubar da gumi a cunkoson Madalla da Zuba. A irin wannan ranar, 'yan taku a inuwar tsakar gida sun wadatar.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas. Minti goma sun isa farawa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, tare da izinin likitan da ke duba mara lafiyar. Minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara buri ne na gaba, babu dalilin cim masa a makon farko. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan mutum ya kasa yin magana yana tafiya, ya wuce gona da iri. A sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancinsa. Azumin 2024 da na 2025 sun faɗo a tsakiyar wannan zafin, kuma sassaucin da addini ya yi wa mara lafiya ya shafi mai karɓar kemo, ko da yake da yawa suna jin nauyin karɓar sa.

Ƙafa na bukatar kulawa ta musamman. Wasu magungunan kan kashe jin yatsu, har mutum ya taka siminti mai zafi ko ƙaya bai sani ba, don haka takalmi rufaffe ya fi silifa. Fatar da aka gasa kuma a lulluɓe ta da sakakken tufafin auduga, kada rana ta same ta. Wanda cutar ta kai ga ƙashinsa kada ya fara komai sai likita ya tsara masa.

Jiri, ciwon ƙirji, haki mai tsanani ko ruɗewa suna nufin a tsaya nan take. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga mai karɓar kemo kuwa kada a ɗora shi a kan zafin gari ko maleriya a zauna a gida: garkuwar jikinsa na iya kasancewa ta yi ƙasa, a kai shi asibiti a wannan sa'ar.