Boswaja Ɗaya, Awo Iri-iri

Dattawan Birnin Kebbi da na Argungu ba su manta da motar nan ta Jamus mai siffar kunkuru ba, watau Volkswagen, wadda mutane suka fi sani da Boswaja. Injinta a baya yake, ba ya shan ruwa, iska ke sanyaya shi, don haka fatake da ma'aikata suka so ta a ƙasar da zafin bazara ke tafasa ruwan mota. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Ikko, a 2003 kuwa aka ƙera ta ƙarshe a ƙasar Meziko. Yau sai jefi-jefi ake ganinta, amma wanda ya gāji ɗaya, ko ya sayi tsohon injinta, akwai abin da ya kamata ya sani kafin bakanike ya ɗora mata sifana.

Ga ido duk ɗaya suke, alhali kuwa injinan sun bambanta. Akwai 1200, wanda ya sami ƙarfin doki 34 a 1960. Sai 1300 a 1965 mai doki 40, da 1500 a 1966 mai doki 44, kana 1600 a 1970 mai doki 50. Doki kuwa zancen gudu ne. Abin da ke fitar da mota daga rairayin fadama, ɗauke da buhun shinkafa da kwandon kifi, shi ne ƙarfin murɗa.

Ga yadda ake auna shi. A ƙaddara sifana mai tsawon mita ɗaya a kan noti, a rataya nauyin kilo ɗaya a bakinta: wannan murɗa ita ce awo ɗaya. To, a wannan lissafi 1200 yana ba da 8.4, 1300 yana ba da 8.9, 1500 kuwa 10.2, sa'an nan 1600 ya kai 10.8. Mai lura zai ga tsakanin na farko da na biyu kaɗan ne. Babban tsalle yana ga 1500. Kuma shi 1500 yana kawo ƙarfinsa tun inji na juyi 2000 a minti, shi kuwa 1600 na 1970 sai ya kai 2800. Ga mai bin hanyar ƙauye, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Da wannan awo ɗin ne kuma ake ɗaure noti, nan ne ɓarna take. Kowane kan inji noti 8 ke riƙe da shi, a kan dogayen ƙusoshi masu zare da aka dasa cikin gangar jikin injin. Gangar kuwa da wani ƙarfe mara nauyi aka zuba ta, ana kiransa magniziyam, mai taushi ne ƙwarai. In ƙusar mai kaurin milimita 10 ce, awon ɗaurinta 3.2. In siririya ce mai milimita 8, wadda ta zo a injinan baya, awonta 2.5 kurum. Abin mamaki, sai ga injin da ya fi ƙarfi yana neman ɗauri mafi sauƙi. Dalili shi ne kan inji yana kumbura in ya ɗau zafi, siririyar ƙusa kuwa tana miƙewa tare da shi. Wanda ya matse fiye da kima, musamman da bututu a kan sifana kamar yadda wasu ke yi, yana iya tsige zaren daga gangar. Ba lalle a gane a gareji ba. Sai an kama hanyar Argungu da rana tsaka a ji inji yana huci, ƙarfi ya tafi.

Malaman Malikiyya sun yi hukunci da lamuncin mai sana'a a kan abin da aka ba shi ya gyara, in ya lalace a hannunsa. Saboda haka bakanike ya kiyaye don kansa. Tsofaffin injinan nan an sha cakuɗa kayansu, lambar da ke jikin mota ba hujja ba ce. Sai ya auna kaurin ƙusar. Ya bar inji ya huce sarai, ya fara ɗaure notocin duka da awo ɗaya, kana ya kewayo bisa jerin da littafin motar ya nuna, da sifana mai ma'auni, har su cika awonsu.