Kwaɗon Ruwa da Cututtukansa: Tsakanin Ƙanzon Kurege da Gaskiya

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suke kiwon kwaɗin ruwa a akwatin gilashi domin sha'awa, kamar yadda wani a nan yake kiwon tantabaru, kuma galibin kwaɗin nan asalinsu na Afirka ne: babban mai farata a ƙafafun baya, wanda masana suke kira Xenopus, daga kudancin nahiyar, da ɗan ƙaramin da ya fito daga dazuzzukan Kwango. To, da yake dabba ce wadda ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, sai maganganu suka yawaita a kanta, wasu sahihai, wasu kuwa zato ne kawai.

Da yawa sukan firgita in sun ga wata farar fata tana saɓulewa daga jikin kwaɗon, alhali saɓa ce ta ɗabi'a, har ma yakan ja ta da ƙafa ya cinye abarsa. Haka nan in ya taso saman ruwa ya baje ƙafafu ya yi shiru, sau da yawa hutawa yake, domin da huhu yake numfashi. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne saɓar da take zuwa guntu-guntu ba ƙaƙƙautawa, tare da ƙin abinci da kasala, domin wannan na iya zama alamar cutar nan ta naman gwari mai suna kitirid, wadda aka gano a 1998, ta kuma halaka kwaɗi masu yawa a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya. Ido ba ya tabbatar da ita. Sai likita ya goga auduga a fatar, an kai ɗakin bincike.

Amma maganar da ta fi yin ɓarna ita ce wai duk maganin da ya yi wa kifi zai yi wa kwaɗo, tun da ruwa ɗaya suke sha. Wannan ƙiyasi ne ɓatacce, saboda fatar kwaɗo tana tsotse abin da ke cikin ruwa ta kai shi jini, ta yadda maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe yakan zame masa guba, kuma gishirin da ake barbaɗawa da ka, ba awo, yakan ƙara masa azaba. Daga nan ne kuma ake samun masu cewa in kwaɗo ya kumbura kamar salka, a soka masa allura ruwan ya fita. Lalle likitan dabbobi yakan zuƙe ruwan, amma shi ya san inda hanji yake, kuma ya san kumburin alama ce ta lalacewar ƙoda ko zuciya ko shigar ƙwayoyin cuta, don haka ruwan zai dawo muddin ba a magance sababin ba. (Malamai sun ruwaito cewa an hana wani likita kashe kwaɗo don haɗa magani, ga shi yau kwaɗon ne ake kai wa likita.)

Jan cinya da ciki, wanda ake ɗauka cuta guda ce mai magani guda, shi ma alama ce ta jinin da ya ɓaci, kuma ruwa ba ya tsami banza: in an bincika, akan tarar da ragowar abinci ta ruɓe a ƙasan akwatin, ko an zuba ruwan famfo mai kulorin ba a kashe kaifinsa ba. Saboda haka mai hankali ruwan yake fara gwadawa kafin ya nemi kwalbar magani.

Wai taɓa kwaɗo na sa tsiro ya fito a hannu, wannan tatsuniya ce. Sai dai masu cewa ruwan akwatin ba ya cutar da mutum su ma sun yi kuskure, domin tsakanin 2009 da 2011 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙidaya mutum fiye da 200, akasarinsu yara ƙanana, da suka kamu da salmonela ta dalilin ƙananan kwaɗin nan, aka kuma bi sawun cutar har zuwa wata gonar kiwonsu guda ɗaya a Kalifoniya.