Jinin Cazemajou da Shanun da Ba a Ƙidaya Ba

A watan Afrilun 1898 wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Cazemajou, ya iso Zinder, babban birnin Damagaram, tare da tafintansa Olive da 'yan tsirarun sojoji baƙaƙen fata. Daga Say ya taso, a bakin Kwara, ya biyo ta Argungu, niyyarsa ya dangana da Tafkin Chadi. Sarkin da ya tarar a Birni shi ne Ahmadu Kuran Daga ɗan Tanimu, wanda ya hau gadon sarauta a 1893. Gidan da ya gada ba ƙarami ba ne. Mahaifinsa ne ya kewaye birnin da ganuwa, a zamaninsa maƙeran gari suka riƙa ƙera igwa, ayarin Azbinawa da fataken Tarabulus kuma suna sauke kaya a Zango.

Sarki ya karɓi baƙi, aka ba su masauki. Amma magana ɗaya ta hana fada barci: baƙon nan gabas ya nufa, gabas kuwa akwai Rabe. Rabe ne ya ci Barno a 1893, ya rushe Kukawa, ya zauna a Dikwa. Damagaram kuwa ta daɗe tana kai wa Barno gaisuwa, don haka ba wanda ya yi shakkar cewa wata rana zai waiwayo ta. To, idan bindigar Nasara ta haɗu da rundunar Rabe, ina Damagarawa za su sa kansu?

Ranar 5 ga Mayu aka kira Cazemajou da Olive cikin gari. Ba su komo ba. An kashe su da duka, aka jefa gawarwakinsu a rijiya.

Ba zan wanke wannan aiki ba. Kashe baƙon da ka saukar da hannunka abin kunya ne a addini da al'ada, ko da tsoron da ya kawo shi na gaskiya ne. Sojojin da aka bari a masauki kuwa sun yi abin da ba a zata ba. Ƙarƙashin wani saje, Samba Taraore, suka ƙi ajiye bindiga, suka yi kwanaki suna kare kansu, sannan suka fice, suka yanki daji har suka koma bakin Kwara. Daga bakinsu Faransa ta ji labari.

Shekara ta zagayo, sai ga wata runduna daga yamma, ta Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine. Ita ma Chadi ta nufa, amma tafiyarta ba irin ta Cazemajou ba ce. Sojoji ne da 'yan dako da aka kamo da ƙarfi da matan da aka kwaso, jama'a mai yawa, ba su da guzuri sai abin da suka tarar a hanya. Duk garin da suka sauka, rumbu ake fara fasawa, sannan a kore garke. Shanu na yanka, jakuna da takarkarai na ɗaukar kaya, dawaki na hawa. Wanda ya san karkara ya san abin da wannan yake nufi. Saniyar talaka ita ce nonon 'ya'yansa, ita ce sadakin ɗansa, ita ce abin da zai sayar ya sayi hatsi in damina ta ƙi. Makiyayin da aka raba da garkensa an raba shi da gadon kakanninsa cikin yini ɗaya. Kuma dabbobin da aka koro daga gari na baya su ne za su ƙafar da rijiyar gari na gaba, ga shi tsakiyar rani ne. Mutane da yawa ba harsashi ya kashe su ba, yunwa da ƙishirwar da aka bar musu ne.

Inda aka yi gardama kuwa, sai wuta. A watan Afrilun 1899 suka auka wa Lugu, garin Sarauniya. A watan Mayu suka ƙone Birnin Konni, suka yi kisan da har yau ake maganarsa. Labarin ɓarnar ya kai Paris, aka aiko Kanar Klobb ya karɓi ragamar rundunar. Bai sha wahalar neman sawunsu ba, kangaye da gawarwaki ne suka nuna masa hanya. Ranar 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi.

Mutuwarsu ba ta tsayar da tafiyar ba. Laftanar Pallier da Joalland da Meynier suka ja ragowar, a ƙarshen Yuli suka gamu da rundunar Damagaram a Tirmini. Dawaki da igwar gida ba su iya da bindigogin zamani ba. Faransawa suka shiga Birni, Sarki Ahmadu ya fita, a watan Satumba aka cim masa a Rumji aka kashe shi, aka kawo kansa gari. Shi ya sa ake ce masa Ahmadu mai Rumji. Ɗan'uwansa Ahmadu ɗan Bassa aka naɗa, shi ma a 1906 aka tuɓe shi bisa zargin shirya tawaye. A watan Nuwamban 1899 wata rundunar ta iso daga arewa ta Agadas, ta Foureau da Kwamanda Lamy, raƙumanta sun ƙare a Sahara. Dabbobin ƙasa aka sake bi don ta ƙarasa Chadi.

An ciro ƙasusuwan Cazemajou an yi musu jana'iza irin ta soja, barikin da aka gina bisa duwatsun Zinder aka sa masa sunansa. Ranar mutuwarsa na rubuce, ta Klobb ma haka. Amma shanu nawa aka kora tsakanin Kwara da Tirmini, kuma na wa? Ba wanda ya zaunar da masu su ya tambaye su.

Abin ya taɓa faruwa a wata ƙasa, ta ɗaya fuskar. A 1641 mutanen Ailan suka tayar wa Ingilishi da 'yan Sikotilan da aka zaunar a gonakinsu, suka kore musu dabbobi, suka kashe da yawa. Hukuma ta bi waɗanda suka tsira, ta rubuta shaidar mutum wajen 8,000, kowa na lissafa shanunsa da tumakinsa da kuɗinsu. Takardun suna nan a Kwalejin Trinity ta Dublin, kuma labarin wannan kisa ne Cromwell, jagoran sojan Ingila, ya kafa hujja da shi lokacin da ya auka wa ƙasar a 1649. Can ma mai alƙalami asarar nasa ya fi rubutawa.

Tamu asarar a bakin tsofaffi ta rage, su kuwa kullum raguwa suke. Malamai da ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder, da ma duk mai waya a hannu daga Konni zuwa Tirmini, ku je ku zauna da su. Ku ɗauki sunan garin da aka ƙone, da rijiyar da aka ɓata, da gidan da aka kore wa garke, tun masu labarin suna raye.